Keken Juliana a Cikin Leda

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mini mana, ku ce ta zo mu ji ta. Yauwa. Sai dai ku sani, wannan babu dodo a cikinta, babu aljani. Mutane ne irina irinku, wasunsu ma har gobe suna nan suna cin tuwonsu da miya mai nama.

Shekarar da soja suka koma bariki, aka ce mulki ya dawo hannun farar hula, muna zaune a Rafin Dinya, wata 'yar unguwa a ƙetaren kogin Kaduna, ba nisa da masaƙun Kakuri. Unguwa ce da in ka tsaya bakin famfo da safe, kafin bokitinka ya cika ka ji harshe shida. Ga Bajju, ga Atyap, ga Gbagyi, ga Ibo masu gareji da shaguna, ga Yarbawa, ga Hausawa 'yan gidaje kaɗan a ƙarshen layi. Da Hausa muke faɗa, da ita muke shiryawa. Ba mu taɓa haɗa baki a kan komai ba, ko ranar shara ce sai an yi musu, in ban da abu ɗaya: kwalbati. Wani rafi ne ya raba mu da titi, babu abin haye shi sai kadarkon katako uku. Mota ba ta shigo mana. Mai naƙuda a kafaɗa ake fitar da ita, buhun siminti a ka ake shigo da shi.

Duk wata hulɗarmu da ƙaramar hukuma kuwa ta hannun mutum ɗaya take bi, Sylvanus, sakataren ƙungiyar ci gaban unguwa. Oga Sakatare muke ce masa. A aljihun gaban rigarsa akwai katunan sunayen manya, ɗaure da roba. Ya san ofishin da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa da wanda ake shiga kai tsaye, ya san masinjan da ake gaisarwa da goro, ya san ranar da Ciyaman yake zama. Takardar haihuwa ce, takardar shaidar asali ce, duba-gari ne ya rufe maka shago, duk wurinsa za ka. Hatimin ƙungiya ma a durowarsa yake. Kansilanmu, Onarabul Matthew, in ya shigo unguwa, falon Sylvanus ne ofishinsa.

A ɗakin baya na gidan nan, kusa da inda ake ajiye gawayi, yayar Sylvanus, Juliana, take kwance. Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya. Ciwon baya ne ya kashe mata ƙafafu, amma hannuwanta lafiya lau, bakinta kuma ya fi na kowa kaifi. 'Yar tagar ɗakinta tana kallon tsakar gidana, ta nan muke hira ina wanke-wanke. Nas ɗin asibitin sha-ka-tafi da ke hayin rafi ta duba ta, ta ga wani ɗan ciwo ya fara a ƙugunta, bai fi murfin kwalba ba. Ta ce kwanciya ce take kawo shi. A riƙa zaunar da ita, a riƙa kawo ta sau biyu a mako ana wankewa, in ba haka ba zai zama gyambo, ya ci har ƙashi. Tafiyar minti goma ce. Keken guragu kawai ake bukata, kuma kadarkon zai ɗauke shi.

Sai ga keke ya zo.

Bikin cikar Ciyaman kwana ɗari a kan mulki ne, aka ce za a raba kekunan guragu, Sylvanus ya sa sunan yayarsa. Ranar nan matarsa Esther ta yi mata wankan da ta daɗe ba ta samu ba, ta ɗaura mata sabon zani, 'yan jam'iyya biyu suka ɗauke ta a kan benci suka haye rafi da ita. A filin sakatariya aka ɗora ta a kan keke sabo fil, ledarsa ma ba a cire ba. Ciyaman ya dafa kafaɗarta, mai hoto ya ɗauka. Murmushin da ta yi a hoton nan na gaskiya ne, ni shaida ce. Da suka dawo har waƙa take yi a kan benci.

Abin da ya ba ni mamaki, a kan bencin ta dawo. Keken kuwa Sylvanus ne ya ɗauko shi a ka, kamar mai tallar biredi, wai kada taya ta taɓa laka. Yana shiga gida ya naɗe shi, ya kafa ƙusoshi biyu a bangon falo, ya rataye shi sama da rediyo.

Washegari Laraba, ranar wankin ciwo. Na ji ta tana kiransa, Silba, Silba, yadda take kiransa tun yana ƙarami. Ya zo ya tsaya bakin ƙofa.

"Yaya, ki ɗan yi haƙuri da keken nan. Onarabul ya ce wata mai zuwa matar Ciyaman za ta buɗe shirinta na tallafa wa mata, kuma kekunan sun ƙare. Wannan za a sake miƙa miki. In ya yi datti asiri ya tonu."

"To ba nawa ba ne?"

"Naki ne mana. Amma ki duba, in na yi wa Onarabul wannan, shi zai kai maganar kwalbatinmu gaban Ciyaman. In kwalbati ya zo, me za ki yi da keke? Mota ce za ta zo har ƙofar gida ta ɗauke ki."

Ta ce to a ɗauke ta a benci zuwa asibiti, kamar jiya. Ya ce haba, mutumin da gwamnati ta ba keke jiya a gan shi yau a kan benci? Nas za ta tambaya, in ta tambaya za ta rubuta. Ta bari bikin ya wuce. Mako uku ne kawai.

Mako uku suka wuce, aka yi bikin matar Ciyaman. An canza wa Juliana zani da ɗankwali, aka kira ta gwauruwa mai marayu biyar, ita da ba ta taɓa haihuwa ba. Aka ɗora ta, aka tafa, aka ɗauki hoto, aka sauke ta. Keke ya koma kan ƙusa. A lokacin ciwon ya kai bakin kofi.

Kwanakin da ke tsakanin biki da biki su ne ba na son tunawa. Esther ta ce ita bayanta yana mata ciwo, ba za ta iya juya ƙatuwar mata ba, kuma ita ba nas ba ce. Da farko tana shiga ɗakin da abinci. Daga baya ta ce wari yana tayar mata da zuciya, sai ta ajiye kwano a bakin ƙofa ta tura shi ciki da sandar tsintsiya. In kwanon ya tsaya inda hannu ba ya kaiwa, Juliana ta gangaro daga katifa ta ja ciki ta ɗauka, sa'an nan ta kasa komawa, ta yini a kan siminti. Ta fara roƙon a rage mata ruwan sha don kada ta ɓata shimfiɗa a yi mata faɗa. Esther ta rage.

Mu 'yan zumuntar mata mun je gaishe ta sau biyu. A falo aka tsayar da mu, aka ce tana barci. Muka zauna ƙarƙashin keken muka yi addu'a, Esther ta ba mu lemo, muka tafi. Kowace Asabar kuwa sai na hangi Sylvanus ta ƙofa ya hau kujera da tsumma yana goge ledar. Ɗan gashin robar nan da ke jikin sabuwar taya yana nan ko ɗaya bai karye ba.

Biki na uku shi ne ya jawo Inna Dije cikin maganar. Dije mai waina ce, Bahaushiya, tana suya a bakin kadarko tun kafin a gina rabin gidajen unguwar. An yi wa Onarabul gunaguni wai duk kekunan da aka raba Kirista aka ba, babu Musulmi ko ɗaya. Ga kuma wani ɗan majalisa zai je wani ƙauye can bayan Kakau, yana son a gan shi yana taimakon kowa da kowa. Sai Esther ta je wurin Dije ta ari babban mayafinta, ta ce wasan kwaikwayo za a yi a coci. Aka cire wa Juliana ɗan gicciyen wuyanta, aka lulluɓe ta har goshi, aka ce yau sunanta Malama Hajara, kuma kada ta kuskura ta buɗe baki.

Da yamma na leƙa tagarta. Tana kwance rub da ciki, don ba ta iya kwanciya ta baya. Ta ce mini, tana 'yar dariya, "Maƙwabciya, yau da hantsi na musulunta, da la'asar na dawo coci, duk a kan keke ɗaya. Saura su mai da ni namiji." Dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Awa huɗu ta yi zaune a kan leda cikin rana, leda kuwa ba ta shan gumi.

Esther ta wanke mayafin ta mayar. Dije tana buɗe shi ta ga tabo a gefen da aka zauna, ta kai hanci. Mijinta da irin wannan ciwo ya rasu, shekara biyu tana jinyarsa, ta san warin. Ba ta ko sauke tanda daga wuta ba, ta nufi gidan Sakatare, ta wuce Esther a tsakar gida kamar ba ta gan ta ba, ta tura ƙofar ɗakin baya. Ni ma na bi ta. Ta ɗaga zanin. Ciwon ya wuce tafin hannu, tsakiyarsa ya yi baƙi.

Dije ba ta yi ihu ba. Ta sa na ɗora ruwa, ta zuba gishiri, ta wanke abin da zai wanku. Da ta fito ta ce wa Esther, "Mayafina kika ara kika rufe wannan da shi." Esther ta ce ita matar gida ce kawai, abin da maigida ya ce shi take yi, a je a tambaye shi.

To daga nan muka fara yawon neman wanda za mu gaya wa. Mai unguwa ya saurare mu da kyau, ya girgiza kai, ya ce gaskiya abin babu daɗi, amma duk maganar da ta shafi hukuma sai ta bi ta hannun Sakatare. Fasto ya ce maganar gida ce, zai sa su a addu'a. Muka hau bas zuwa sakatariya, ni da Dije, muka yi ta tambaya har aka nuna mana ofishin jin daɗin jama'a. Wata Madam Vivian ce a ciki, tana cin gyaɗa. Da muka faɗi sunan Juliana sai fuskarta ta washe, ta nuna mana bango da biro.

"Ba ita ce waccan ba? Ai mun gama da ita. Mun ba ta keke. Ku dubi yadda take murna."

Hoton kwana ɗari ne, a cikin gilashi. Dije ta ce hoton ya samu keke, matar ba ta samu ba. Madam Vivian ta ce in ƙorafi muke da shi mu cike fom, ta miƙo mana. Ta nuna wani fili a ƙasa, ta ce a nan sakataren ƙungiyar unguwarmu zai sa hannu ya buga hatimi, in babu wannan ba a karɓa.

Dije ta ce, "A kansa muke ƙara."

"Mama, ni ba ni na tsara fom ɗin ba."

Kafin mu sauka daga bas labari ya riga mu isa gida. Masinjan ofishin mutumin Sylvanus ne. Washegari aka sa wa ɗakin baya kwaɗo, aka buga kwali a tagar da ke kallon gidana, wai sauro yana damunta.

Ranar Lahadi bayan coci aka kira taron unguwa a gindin mangwaro. Sylvanus ya miƙe da wata takarda mai tambarin hukuma, ya ɗaga ta sama. Ya ce albishirinmu, an amince da kwalbati, kafin Kirsimeti Ciyaman da kansa zai zo ya aza harsashi. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa. Sai ya sassauta murya, ya ce sai dai akwai masu zuwa sakatariya suna ɓata sunan unguwa, kuma Onarabul ya ce in aka sake jin wani surutu daga Rafin Dinya, akwai unguwanni goma da ke jiran wannan kwalbatin. Bai faɗi suna ba. Kowa ya juya ya kalli Dije.

Jikokina, shekara ashirin ina unguwar nan ban taɓa ganin mun zama abu ɗaya kamar ranar ba. Bayarabe mai injin niƙa ya ce kowane gida da irin jinyarsa. Wata Bajju ta ce 'yarta a kan kadarkon nan ta haihu, jaririn bai zo da rai ba, kada wanda ya taɓa mata kwalbati. Gaskiya ta faɗa, na san ranar. Su kansu Hausawan ƙarshen layi suka ja Dije gefe, suka ce mu 'yan kaɗan ne a nan, me ya kai ki cikin gidan mutane. Ni da na raka ta sakatariya, babu wanda ya kalle ni, ni ma ban tuna musu ba.

Mutum ɗaya ne ya gwada wani abu. Anayo, Ibo mai gareji a bakin titi. Ya jira aka watse daga taron. Ya je ya samo farar kujerar roba, ya ɗaura mata tayoyin tsohon keke biyu, ya yi mata walda da mariƙi a baya, ya shimfiɗa soso. Ya turo ta kan kadarko har ƙofar Sylvanus, ya ce, "Oga Sakatare, naka ya zauna a bango, ba ruwana da shi. Wannan na asibiti ne kawai. Ni zan tura ta da kaina, Laraba da Asabar."

Sylvanus ya zagaya kujerar yana dubawa, ya yaba aikin, har ya ce Anayo yana da kai. Sa'an nan ya tambaye shi, in mutanen hukuma suka ga yayar Sakatare a kan wannan tarkace, ba za su tambayi ina na gwamnati ba? Ya ce ya gode, a mayar. Bayan kwana biyu duba-gari suka zo suka shafa jan fenti a bangon garejin Anayo, suka ce ya ci hanya, za a rushe. Anayo yana da 'ya'ya huɗu a makaranta. Da hannunsa ya kwance kujerar a gaban gareji inda kowa zai gani. Mako bai zagayo ba aka zo aka shafe jan fentin da fari.

Daga nan sai dai in ji Juliana ta bayan kwali. Da tana kiran Silba, daga baya ta koma kiran Esther, daga baya ta daina kiran kowa, sai nishi. Wata rana da hantsi na matsa bakina jikin tagar na kira ta. Ta amsa a hankali. Ta ce zazzaɓi ne yake kaɗa ta, kuma ƙudaje sun gano ta. Ta tambaye ni ko gaskiya ne an kawo yashi bakin rafi. Na ce gaskiya ne, tifa biyu. Ta ce, "To ashe na kusa samun mota."

Ranar aza harsashi aka kafa rumfa a hayin rafi. Buhunan siminti an jera su inda kowa zai gani. Onarabul ya ce bikin ba zai yi armashi ba sai an haɗa da taimakon nakasassu, kuma wannan karon ba sai an canza mata suna ba, tunda Ciyaman ba zai tuna fuskar da ya gani wata uku da suka wuce ba. Esther ta zazzage mata kwalbar turare guda, ta shafa mata hoda, ta naɗe ƙugunta da tsofaffin zannuwa uku. Aka fito da ita a benci. Ta rame har ɗankwali yana zame mata. Sylvanus yana gaba da keke a ka.

Duk unguwa muna wurin. Babu wanda bai san keken nan ba, babu wanda bai taɓa zama ƙarƙashinsa a falo yana jiran hatimi ba. Aka ɗora ta, ledar ta yi ƙara. Ciyaman ya dafa kafaɗarta, muka tafa. Da a nan aka tsaya da shi ke nan. Amma Ciyaman yana cikin nishaɗi, sai ya karɓi abin magana ya kai bakinta, ya ce Mama ta faɗa wa jama'a abin da take ji game da sabuwar gwamnati.

Ta riƙe hannun keken da hannu biyu. Muryarta ƙanƙanuwa ce, amma lasifika ta kai ta har layin ƙarshe.

"Ranka ya daɗe, na gode. Sau huɗu ke nan ana ba ni keken nan. Ban ce a ba ni wani ba. A cire masa ledar kawai, a bar ni in je asibiti da shi."

 Ciyaman ya kalli Onarabul, Onarabul ya kalli Sylvanus. Sylvanus ya matso yana murmushi, ya ce a yi haƙuri, ciwon ya fara taɓa mata kai, wani lokaci ma shi kansa ba ta gane shi. Ciyaman ya ɗago ya dube mu, mu mutanen unguwa, ya ce, "Haka ne?"

Da gaske yake tambaya ko don a fita kunya ne, ban sani ba. Abin da na sani, ya tambaya, kuma ya ɗan jira. Ga siminti a gefenmu, ga yashi. Anayo ya sunkuyar da kai. Ni kuwa sai na sami kaina ina gyara ɗaurin zanina. Daga can baya, inda take suya, Dije ta ce, "Ƙarya ne, hankalinta ɗaya," amma ba ta da lasifika, kuma Onarabul ya riga ya ɗaga wa makaɗa hannu. Mai unguwa ya ce haka ne, ranka ya daɗe, sai addu'a.

Ciyaman ya yi dariya, ya ce to ai buƙatar Mama mai sauƙi ce. Ya kama ledar hannun keken ya yage ta da kansa, aka ɗauki hoto, aka yi guɗa. Ya je ya zuba cebur ɗin siminti, ya shiga mota.

Ƙurar motarsa ba ta kwanta ba aka zo sauke Juliana. Ta ƙi sakin keken. Sylvanus ya durƙusa yana ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, yana cewa a hankali, "Yaya, kin kusa kashe ni yau. Kin kusa kashe unguwa." Ta dube shi ta ce, "Silba, da hannun nan na yi maka wanka." Ya ɓamɓare na ƙarshen. Inda ta tashi ledar ta jiƙe, wani ya kawo ruwa a buta aka ɗauraye tun kafin a ɗauke ta ita kanta daga ƙasa.

Da la'asar na shiga gidan da kunu a kwano, na ce ko za a bar ni in ba ta. Na tarar da Esther zaune a falo, keke a gabanta, ta kunna kyandir tana liƙe ledar da Ciyaman ya yaga, tana bi a hankali don kada ɗinkin ya nuna. Daga ɗakin baya ana jin Juliana tana neman ruwa. Esther ta ce in ajiye kunun, in ta gama za ta kai mata, hannunta ba ya sakuwa yanzu.

Kwana tara Juliana ta ƙara a duniya. Ranar Talata da safe Esther ta tura kwano da sandar tsintsiya, da rana ta tarar da shi inda ta bar shi. A kan bencin nan aka haye rafi da ita zuwa ɗakin ajiye gawa. Dangi suka ce sai bayan sabuwar shekara za a yi jana'iza, a jira na nesa su zo. Kafin lokacin an gama kwalbati. Motar farko da ta taka shi ta shigo Rafin Dinya ita ce motar da ta kawo akwatin Juliana, aka tsaya da ita a ƙofar gida aka yi waƙoƙi kafin a wuce ƙauye. Sylvanus bai yi mata ƙarya ba. Mota ta zo har ƙofa.

A wurin jana'izar Onarabul ya yi jawabi, ya ce marigayiya ta ci moriyar mulkin farar hula kafin Allah ya kira ta. Hoton kwana ɗari aka buga a jikin takardar addu'a.

Sylvanus ya zama kansila a zaɓen da ya biyo baya, kuma mu muka zaɓe shi. Onarabul Matthew ya ƙara gaba. Esther ta buɗe shagon kayan masarufi a bakin kwalbati, tana ciniki sosai. Madam Vivian ta yi ritaya lafiya. Anayo ya kwashe garejinsa ya koma Sabon Tasha, in mun haɗu a kasuwa muna gaisawa, ba ma tayar da maganar. Dije, da aka yi rikicin da ya raba garin nan biyu, ta haye kogi ta koma arewacin gari, ba mu sake ganinta ba. Kafin ta tafi ta ƙone mayafin. Keken kuwa an ba wani tsoho shi a Mahuta, aka sake ba wata makauniya a wani wuri, duk da ƙafafunta lafiya lau, kuma duk inda ya je da yamma yana dawowa kan ƙusarsa.

Kwalbatin yana nan, Kwalbatin Sakatare ake ce masa. Yana da ƙarfi, ruwa bai taɓa cinye shi ba. Ni ma ta kansa nake bi kullum in za ni coci.